Daga Zaure Zuwa Tasha: 'Yan Ci-ranin Ƙasar Kazaure da Tarihin Rikicin Titi a Birnin Kano

Gabatarwa

Duk wanda ya bi ta kasuwar Sabon Gari ko Kantin Kwari ko tashar Ƙofar Ruwa bayan dare ya raba, zai ga abin da mai wucewa da rana ba ya gani. Da zarar masu kantuna sun rufe sun tafi gida, sai wasu mutane su shimfiɗa kwali ko buhu a kan tebura da bakin kantuna da ƙarƙashin gadoji, su kwanta. Da asuba su ne 'yan dako da 'yan ga-ruwa da masu tura baro da masu wankin takalmi. Da yawansu manoma ne masu gida da gona a ƙauye, kuma a cikinsu akwai mutanen ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura, waɗanda kakanninsu ma suka saba bin wannan hanya idan kaka ta wuce.

Idan aka yi faɗa a tasha, ko aka ƙwace wa wani waya, ko tarzoma ta tashi, irin waɗannan mutane ne bakin jama'a ya fi saurin kamawa. Manufar wannan takarda ita ce ta bi tarihin al'amarin, domin a ga yadda aka yi baƙon da a dā yake sauka a zaure ya koma kwanan tasha, da kuma dangantakar wannan canji da yawaitar faɗa a titunan Kano. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, babbar asarar da baƙo ya yi ita ce ta mai gida, wato mutumin da yake saukar da shi, ya tsaya masa, ya kuma tsawata masa. Rashin ɗakin kwana ya biyo bayan wannan ne.

Ƙasar da Ake Fitowa

Kazaure tana arewa da Kano, a kan hanyar da ta bi ta Dambatta ta nufi Daura. Masarautar ta samo asali ne daga Ɗantunku, ɗaya daga cikin Fulanin da suka yi jihadi a arewacin ƙasar Kano, wanda daga baya ya ƙi miƙa wuya ga Sarkin Kano Ibrahim Dabo. An yi ta gwabzawa a tsakaninsu har Sakkwato ta amince Kazaure ta zama masarauta mai cin gashin kanta, kuma bayan rasuwar Ɗantunku a 1824 ɗansa Dambo ya gaje shi. Roni da Gwiwa suna cikin wannan masarauta. Ita kuwa Ɓaɓura, wadda ke iyaka da Jamhuriyar Nijar, ƙasar Kano ce tun asali, sai bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 ta koma ƙarƙashin sabuwar masarautar Ringim.

Abin da ya haɗa waɗannan garuruwa, ban da maƙwabtaka, shi ne gajeriyar damina. Ruwa yakan sauka na kamar wata huɗu, a noma gero da dawa da wake da gyaɗa, sa'an nan a shiga dogon rani wanda ba a aikin gona a cikinsa, sai fa ga mai fadama. Daga nan al'adar cin rani ta fito, kuma sunan da kansa ya bayyana hikimar da ke ciki: magidanci ko saurayi ya tafi wani wuri ya ci ranin a can, domin hatsin da ke rumbu ya ishi mata da yara har zuwa sabuwar kaka. In ya dace, ya dawo da kuɗin haraji da tufafin iyali. Haka nan malamin allo yakan kwashi almajiransa bayan girbi ya tafi da su birni, su dawo idan an yi ruwan shuka. Ke nan ɗan ci-rani a asalinsa mai gida ne da ya bar gidansa na ɗan lokaci, da niyyar komowa.

Baƙo a Kano ta Dā

Kano ta saba da baƙi tun kafin zuwan Turawa. Clapperton, wanda ya shiga birnin a 1824, ya ƙiyasta mazaunansa tsakanin 30,000 da 40,000. Barth, wanda ya zo a 1851, ya ce sun kai 30,000, amma da rani, lokacin da ayarori ke shigowa, adadin yakan ninka. Abin tambaya a nan shi ne, ina waɗannan dubban mutane suke kwana?

Amsar tana cikin sunayen unguwanni da tsarin ginin gida. Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Agadasawa da Ayagi duk unguwanni ne da suka tashi saboda baƙi, kowane iri da inda yake sauka. Falke yana da fatomansa, wanda zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya kuma lamunce shi idan an yi ciniki bashi. Almajiri yana da malaminsa, malamin kuma yana da mai gidan da ya ba shi zaure ko soro. Talakan da ba shi da kowa yana da masallacin unguwa, inda bayan sallar magariba ake fito da akushi daga gidaje. Duk baƙon da zai daɗe kuwa, sai an kai maganarsa ga mai unguwa. Har masu lalura ba a bar su kara zube ba, domin makafi da kutare suna da sarakunansu, kuma Clapperton ya ga unguwa guda da aka keɓe wa makafi a cikin birni.

Bai kamata a ɗauka cewa zamanin nan ba shi da zalunci ba. Akwai bauta, akwai yunwa, akwai mahaukatan da ke kwana a kasuwa. Faɗa ma akwai shi, sai dai mafi yawansa yana da fage da lokaci da mai rabawa. Dambe na mahauta ne, ana yin sa da kaka a dandali. Kokawa da wasan tauri suna da makaɗansu da manyansu. Farauta ana fita da rani, unguwa-unguwa, kuma ko da yake akan yi rikici a daji a kan nama, kowace ƙungiya tana da shugaban da ake tuhuma idan yaransa sun yi ɓarna. Abin lura shi ne, baƙo da ɗan gari kowa yana ƙarƙashin wani wanda za a iya zuwa ƙofar gidansa a yi sallama a kai ƙara.

Yana da kyau a kwatanta wannan da abin da ke faruwa a Ingila a daidai lokacin. A shekarar da Clapperton ya shiga Kano, wato 1824, majalisar Ingila ta kafa dokar da ta mayar da bara da kwana a titi laifi, saboda yawan marasa galihu da suka cika birane bayan yaƙe-yaƙen Napoleon. Irin wannan tunani, na ɗaukar rashin masauki a matsayin laifin marar masaukin, shi ne ya shigo mana tare da mulkin mallaka, har ya samu gurbi a kundin dokokin laifuffuka na Jihar Arewa na 1960, a sassan da suka yi magana a kan masu zaman banza da masu gantali.

Jirgi da Gyaɗa da Haraji

Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, daga 1912 kuma cinikin gyaɗa ya bunƙasa. Haraji ya koma na tsabar kuɗi, saboda haka cin rani ya tashi daga dabarar tattalin hatsi ya zama tilas ga mai son ya fita kunyar dagaci. Aikin lebura ya samu a tashar jirgi da kantunan kamfanoni da wuraren da ake tara dalar gyaɗa. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, da ta 1942, wato 'Yar Gusau, su ma sun koro mutane da yawa daga karkara.

Waɗannan sababbin baƙi mafi yawansu ba cikin ganuwa suka sauka ba. An kafa Sabon Gari domin mutanen kudu, Fagge ta cika ta batse, daga baya Tudun Wada da Gwagwarwa suka tashi. A waɗannan wurare ne aka fara sabawa da ɗakin haya, inda dangantakar mai gida da baƙo ta ƙare a kan kuɗin wata. Mai haya ba ya lamuntar ɗan haya, ba ya kuma ganin haƙƙinsa ne ya tsawata masa. Duk da haka tsohon tsarin bai mutu nan take ba. Mutumin Roni ko Gwiwa da ya iso Kano yakan nemi wani ɗan garinsu da ya riga shi zama, ya kwana a zaurensa ko a rumfarsa, shi kuma ya haɗa shi da aiki. Abner Cohen ya tarar da irin wannan tsari na mai gida da ƙarfinsa a Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, inda fataken shanu da na goro suke dogara da shi. Abin da ya raunana shi a Kano yawa ne. Ƙidayar 1952 ta ba birnin kimanin mutum 130,000, ta 1963 kuwa kusan 295,000. Zaurukan gari ba su ƙaru da wannan sauri ba.

Siyasa ta Shiga Titi

Babban rikicin titi na farko a Kano ta zamani ya auku ne daga 16 zuwa 19 ga Mayu 1953. Musabbabinsa siyasa ce: ƙudurin neman mulkin kai da Anthony Enahoro ya gabatar a Ikko, ihun da aka yi wa wakilan Arewa a can, da kuma rangadin da jam'iyyar AG ta shirya kawowa Kano a ƙarƙashin S. L. Akintola. An gwabza tsakanin mutanen birni da Fagge a gefe guda, da na Sabon Gari a ɗaya gefen, kuma rahoton hukuma ya ce mutum 36 sun mutu, 241 sun ji rauni.

A wannan shekara ce kuma aka ji ɓullar ƙungiyar da ake kira Jam'iyyar Mahaukata, wadda aikinta shi ne tarwatsa tarurrukan NEPU da dūkan magoya bayanta. Ita ma NEPU ta tanadi samarin da za su kare ta. Daga ina aka samo waɗannan ƙarti? Daga cikin 'yan tauri da 'yan farautan unguwanni, waɗanda suka riga suka saba da gora da wuƙa. Wannan shi ne mafarin 'yan banga, kuma muhimmancinsa ga tarihinmu shi ne ya canza uban gidan mai faɗa. A dā shugaban 'yan farauta yana jin kunyar dattawan unguwarsu. Ɗan siyasa kuwa ba a unguwar yake kwana ba, yana biyan kuɗi a yi masa aiki, idan zaɓe ya wuce ya juya baya. Ya koya wa samari cewa faɗa sana'a ce, bai ɗauki nauyin tsawata musu ba. An sake ganin wannan a Jamhuriya ta Biyu, musamman a tarzomar 10 ga Yuli 1981, wadda ta biyo bayan takardar tuhuma da gwamnatin Abubakar Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero, inda aka ƙona gine-ginen gwamnati aka kuma kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara a kan siyasa.

Fari da Kuɗin Mai da Maitatsine

Shekarun 1970 su ne suka karya gadon bayan tsohon tsarin. Farin 1972 zuwa 1974 ya ƙone amfanin gona ya kashe dabbobi a duk faɗin arewacin ƙasar Hausa da Nijar, a 1975 kuma cuta ta faɗa wa gyaɗa, nomanta bai sake komawa yadda yake ba. A daidai lokacin kuɗin man fetur ya malalo birane, ƙarin albashin Udoji ya tayar da farashin kaya, filaye suka yi tsada. Masu hali suka fara gina gidaje irin na zamani, masu katanga da ƙofar ƙarfe da maigadi, babu zaure. A cikin gari kuwa, zaurukan da ke bakin titi da yawa an fasa su an mai da su kantuna. Ga baƙi sun ninka, ga masauki ya ragu, kuma da yawa daga waɗanda suka zo cin rani ba su ga abin da za su koma su tarar ba, sai rani ya zarce ya zama zama.

Wanda ya ga wannan giɓi ya shiga shi ne Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine, mutumin Marwa ta ƙasar Kamaru. An taɓa korarsa daga Kano a 1962, zamanin Sarki Muhammadu Sanusi, ya sake dawowa ya kafa zango a 'Yan Awaki. Daga 18 ga Disamba 1980 aka shiga yaƙi tsakanin mabiyansa da 'yan sanda, sai da aka kawo soja kafin a murƙushe su bayan kwana goma sha ɗaya. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Aniagolu ya ƙidaya mutum 4,177 da suka mutu. Paul Lubeck, wanda ya yi nazarin ma'aikatan Kano, ya nuna cewa mabiyan da yawansu gardawa ne da suka fito daga karkara, waɗanda tsarin da ke ciyar da su a dā ya rushe a daidai lokacin da suke kallon wasu na wadaƙa da dukiya. Bangon ya riga ya tsage kafin ƙadangare ya samu wurin shiga. Maitatsine ya ba yaran nan wurin kwana da abinci da wanda za su kira uba, ya zame musu mai gida, sa'an nan ya kai su ga halaka.

Ɗan Daba da Ɗan Ci-rani

Tun daga 1980 zargi ya tabbata a kan baƙo, har mutane da yawa suka daina bambanta almajiri da ɗan ci-rani da ɗan daba. Amma binciken da aka yi bai goyi bayan wannan cakuɗawa ba. Abdulkarim Ɗan'asabe a 1991 da Y. Z. Ya'u a 2000 sun bi asalin daba zuwa ga ƙungiyoyin farauta da tauri da bangar siyasa na unguwannin Kano, suka kuma danganta bunƙasarta da matsin tattalin arziki na shekarun 1980, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, lokacin da masana'antun Bompai da Sharaɗa suka yi ta sallamar ma'aikata. Hannah Hoechner, wadda ta zauna da almajirai a Kano ta wallafa sakamakon bincikenta a 2018, ta nuna cewa zargin da ake yi musu na tayar da fitina ya fi hujjar da ake da ita yawa. Faɗan daba faɗa ne na unguwa da unguwa, kuma sai mai unguwar da zai kare yake shigarsa. Ɗan daba yana da gidan ubansa a cikin lungu. Abin da ya rasa shi ne babban da zai ce masa bari ya bari.

Shi kuwa ɗan ci-rani, a mafi yawan lokuta shi ne abin ya fi faɗa wa. Shi ake ƙwace wa cinikin yini a hanyarsa ta komawa makwanci, shi ɗan kamasho yake hankaɗewa a tasha, shi mai mota yake zagi idan baronsa ya tare hanya. Mafi muni kuma, idan aka yi ihun ɓarawo, wanda ba a san fuskarsa ba shi taro yake rufar wa, domin babu wanda zai ratso ya ce na san shi, yaron wane ne. Wannan haɗari yana bin baƙo duk inda ya je, har a wajen ƙasar Hausa, kamar yadda aka gani a Maris 2025 a Uromi ta Jihar Edo, inda taro ya kashe mafarauta 16 da ke kan hanyarsu ta komawa Kano.

Harshe ma ya adana wannan tarihi. Hausa ba ta da tsohuwar kalma guda tilo da ke nufin wanda ba shi da wurin kwana. Abin da muke da shi shi ne marar galihu, wato wanda ba shi da mai tsaya masa. Kwanan zaure ba abin kunya ba ne, kowane saurayi ya yi shi. Kwanan shago da kwanan tasha kuwa sababbin maganganu ne, kuma da zarar an ce wa mutum ɗan tasha, an tashi daga bayanin inda yake kwana an koma zagin tarbiyyarsa.

Bayan 1991

Daga 1967 zuwa 27 ga Agusta 1991 Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura duk Jihar Kano ne, kafin nan ma Lardin Kano ne. Mutumin Ɓaɓura da ya sauka a Kurna ko Rijiyar Lemo babban birnin jiharsa ya zo. Da aka yanke Jigawa, hanyar ba ta canza ba, kasuwar ba ta canza ba, amma a takarda ya zama ɗan wata jiha. Ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumomi takwas na cikin birnin Kano kimanin mutum miliyan 2.8, kuma da yawa daga matakan da hukuma ta ɗauka a kan cunkoson nan na hani ne da kora. An hana acaɓa a Janairu 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, sana'ar da ta riƙe ɗimbin 'yan ci-rani. An yi shelar hana bara a titi a 2013, aka sake yi a 2020. A shekarar 2020 ɗin, lokacin annobar korona, aka kwashi almajirai a motoci aka mayar da su jihohin da aka ce nasu ne, har da Jigawa. Kowane ɗaya daga matakan nan yana da dalilin da aka bayar, amma babu wanda ya taɓa abin da ke fito da mutane daga gida, wato doguwar rani da ƙarancin abin yi a cikinta.

Kammalawa

An ga yadda Kano ta ƙarni na goma sha tara take ɗaukar baƙin da suka kai yawan mazaunanta ba tare da sun kwana a titi ba, saboda kowane baƙo yana da wanda ya sauke shi. An ga yadda haya da bangar siyasa da fari da tsadar fili suka ci wannan tsari kaɗan-kaɗan, har baƙo ya rasa mai tsaya masa, ɗan gari kuma ya rasa mai tsawata masa. Ba za a iya mayar da birnin miliyoyin mutane zamanin fatoma ba. Amma aikin da fatoma yake yi bai fi ƙarfin wannan zamani ba: ƙungiyoyin 'yan asalin gari, da shugabannin kasuwa da na tasha, da masallatan unguwa, da masu unguwanni, duk suna iya sanin wanda ya zo, da inda yake kwana, da wanda za a nema idan wani abu ya same shi. Masarautun Kazaure da Ringim da ƙananan hukumominsu su ma suna da haƙƙin sanin halin da mutanensu ke ciki a Kano tsakanin kaka da shuka.

Ga masu nazari kuwa akwai aiki na gaggawa. A Roni da Gwiwa da Ɓaɓura akwai sauran tsofaffin da suka yi cin rani a Kano kafin farin 1973 da bayansa, waɗanda za su iya faɗar zauren da suka sauka, da sunan mai gidansu, da shekarar da suka fara kwana a kasuwa. Ya kamata ɗalibanmu su je su ɗauki maganarsu tun suna raye.